Rijiyar Malam

Har ƙasa ta rufe idona ba zan manta da ranar da Iya Tasalla ta miƙo mini moɗar ruwa ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ta tambayata dalilin da ya sa nake cewa kada wanda ya shiga gidan mutane da takarda a hannu, a bar ta a jaka sai an gaisa an zauna. To, ku gyara zama ku ji. Ke mai latsa waya, ajiye ta, ba guduwa za ta yi ba.

Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya, ban daɗe da fitowa daga makarantar koyon aikin tsafta ba. A takarda sunanmu jami'an lafiyar muhalli, amma ban taɓa jin mutumin cikin birni ya kira mu haka ba. Duba-gari, shi ke nan. Mu ne masu duba kwata da shadda da mahauta da abincin sayarwa da rijiya. Abokan aikinmu maza iyakarsu soro, tunda gidajen cikin birni ba a shiga. Mu mata mu ke kutsawa har tsakar gida, mu ɗaga murfin randa, mu leƙa banɗaki. Shi ya sa ba a cika murna da ganinmu ba. Da an hango kakinmu a bakin lungu, sai ka ji tsintsiya ta ko'ina kamar gobe Salla.

A daminar shekarar, sama ta yi kamar an ɓalle ta, musamman cikin watan Agusta. Kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwanni an cike yawancinsu an yi gini, kwatoci kuma leda ta toshe su. Ruwa ya rasa hanya, ya bi lunguna, ya cika shaddodi suka tumbatsa, daga nan ya gangara rijiyoyi. Ba a jima ba amai da gudawa ya ɓarke.

Gwamnati ta kafa kwamiti, aka fito da tsari, kuma tsarin mai kyau ne, har gobe ina faɗa. Kowace rijiya za mu ɗebi ruwanta a kwalba mu kai ɗakin gwaji. Wadda aka samu lafiya lau, a zuba mata magani a yi mata murfi. Wadda ta gurɓata, a yashe ta, a zuba magani, a sake gwadawa. In ta sake faɗuwa, to shadda ce ke tsiyayo mata ta ƙarƙashin ƙasa, ba ta da magani sai a rufe ta da siminti. A madadin haka za a haƙa burtsatse a duk unguwar da abin ya shafa. Mai gidan da ya ƙi, a ba shi takardar gargaɗi. In ya sake ƙi, sai kotun tafi-da-gidanka, wato alƙalin da ke zagayawa da mu ranar tsaftar ƙarshen wata yana yanke hukunci nan take.

Ni aka ba wasu lunguna a bayan Ƙofar Mata. A nan na haɗu da rijiyar da kowa ke kira rijiyar Malam.

Malam Garba marini ne, ya rasu tun kafin in fara aiki. An ce a wata shekara da aka yi wahalar ruwa shi da abokan sana'arsa suka haƙa ta da hannunsu a tsakar gidansa, dab da ƙofar shigowa. Ranar da ruwa ya fito ya ce kada a hana kowa, kada a karɓi komai a hannun kowa. Tun daga ranar ƙofar gidan ba ta rufuwa daga asuba har isha. Da ruwanta ake wanke jariran lungun, da shi ake wanke gawarsu. Matarsa kuwa, Iya Tasalla, ungozoma ce, rabin mutanen unguwar a hannunta suka faɗo duniya. 'Yar firit ce, ga goro ya rine mata haƙora, ga murya kamar ta mai shela.

Rijiyar ta faɗi gwaji, aka yashe, aka zuba magani, ta sake faɗuwa. Ba laifin kowa ba ne. Gidan da ke bayan katangarta gidan gado ne da aka raba, kowane magaji ya haƙa tasa shaddar, ɗaya ta zo dab da katangar.

Duk zuwan da na yi ɗibar ruwan gwaji, Iya takan tarbe ni da fara'a, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a wata moɗa ta ƙarfe. Ni kuma in ce, "Alhamdu lillahi Iya, yanzun nan na sha." Sai ta dube ni, ta ɗauke moɗar. Ranar da na je da sakamako kuwa, ko zama ban gama yi ba na zaro takarda na fara karanto mata. Ta bar ni har na kai ƙarshe.

"Kin gama?" ta ce. "Oho! Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ashe ke ce gugan."

Na ce, "Iya, ba ni ba ce, gwaji ne ya nuna."

"Gwaji ɗan gidan wa? Malam ya sha ruwan nan har ya koma ga Allah, ba gudawa ce ta kashe shi ba. Leƙa ki gani, 'yar nan, garau yake kamar idon zakara. Naɗe takardarki, ki gai da mutanen ofis."

Na tafi wurin mai unguwa, tunda ƙa'ida ita ce in mai gida ya ƙi, a bi ta hannunsa. Dattijo ne mai kwarjini, amma da ya ji sunan Iya Tasalla sai ya fara gyara hula. Ya ce, "Malama Uwani, ki yi mini rai. Matar nan ita ta yanke mini cibiya. In na je mata da maganar rijiya, a gaban jama'a za ta ba da labarin yadda na zo duniya da irin kukan da na yi. Ki dai ci gaba da lallaɓa ta."

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutane ba su daina ɗiba ba. Mun yi shela, mun bi gida gida, matan sun ji, sun kuma yarda. Amma Iya takan zauna a bakin ƙofa, da ta ga wata ta tsayar da ɗan garuwa sai ta ɗaga murya: "Wance, me rijiyar Malam ta yi miki?" Wa zai iya amsa wannan? Sai mace ta sunkuyar da kai ta shigo da bokitinta. Wasu in sun je gida su zubar, wasu su tafasa, wasu kuma ba su da itacen tafasawa.

Shugaban sashenmu a lokacin Alhaji Sabo ne, Allah ya jiƙansa, mutum mai haƙuri, amma shi ma daga sama ana matsa masa. Ya kira ni ofishinsa ya ce, "Uwani, rijiyoyin yankinki da suka faɗi duk an rufe sai ɗaya. An kwantar da mutane daga lungun nan ana yi musu ƙarin ruwa. Asabar mai zuwa kotu za ta shiga unguwar. In ba a rufe ba, da 'yan sanda za a rufe, kuma sai an tsayar da mai gidan gaban alƙali."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsohuwa ce fa, a shekaru ta haifi uwata."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Na sani. Shi ya sa nake gaya miki tun yanzu. Ni ba na son a ce a zamanina aka fito da tsohuwar nan bakin titi. Amma ba zan bar yaran mutane su ci gaba da sha ba. Ki koma."

Na koma ranar Alhamis da hantsi. Tsakar gidan cike da mata, ana ta jan guga. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta. Wannan karon ba ta shimfiɗa tabarma ba. Ta miƙe da kanta, ta karɓi igiya daga hannun wata, ta jawo guga, ta cika moɗar nan ta ƙarfe, ta miƙo mini a gaban kowa.

"Sau nawa kina shigowa gidan nan kina mayar mini da ruwa? Baƙon da ya ƙi ruwan gida ba da alheri ya zo ba. Sha, sannan mu yi magana."

Gaba kura, baya sayaki. In na ƙi, na wulaƙanta ta a gaban 'ya'yanta da jikokinta, kuma magana ta ƙare, sai dai kotu. In na sha, na san abin da ke cikin ruwan, da idona na ga sakamakon. Ga wani abu kuma da ba wanda ya sani a ofis: ina ɗauke da cikin fari, ƙarami, ina ɓoye shi a cikin hijabi. Ko mahaifiyata ban iya buɗe baki na gaya mata ba, don kunya.

Na karɓi moɗar. Na ce, "Iya, ni 'yarki ce. Abin da gwaji ya nuna na faɗa miki, ban ƙara ba ban rage ba. Amma na san uwa ba ta miƙa wa 'yarta abin da zai cuce ta. Tunda kin ce in sha, bismillahi."

Na ɗaga ta zuwa bakina. Kada ku tambaye ni ko da zan sha, wallahi har yau ban sani ba. Ban dai ankara ba sai na ji an bugi hannuna, moɗar ta yi sama, ta daki bakin rijiyar, ta gangara tana ƙara. Ruwan ya jiƙa mini kaki sharkaf.

"Ke mahaukaciyar ina ce?" Iya ta daka mini tsawa. "Da juna biyu za ki sha? Kina tsammanin ban gani ba? Tun ranar da kika fara shigowa na ga farin idonki da yadda kike tofar da yawu. Ni za ki ɓoye wa ciki?"

Wayyo ni! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Asirin da na ɓoye wa uwata, ga shi an tona a gaban matan lungu guda. Wasu suka fara guɗa, wasu suna dariya suna cewa Allah ya raba lafiya. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya ga abin da ya faru. Iya ta tsaya tana kallon hannun da ta bugi moɗar da shi. Sannan ta ɗago ta bi matan da kallo ɗaya bayan ɗaya, wannan da goyo, waccan da tsohon ciki, kowacce da bokitinta cike. Muryarta ta yi ƙasa.

"Kowa ta zubar da abin da ta ɗiba. Ku je gida."

Ta ja hannuna zuwa ɗakinta, ta ba ni zani na canza, ta shanya kakin a igiya. Muka zauna a bakin gado. Tana murza carbi ta fara magana.

"Ba taurin kai ba ne, 'yar nan. Zuciyata ta daɗe tana gaya mini gaskiyarki, ni ce nake ƙin saurara. Kin yi karatu, kin san abin da malamai suke faɗa. In mutum ya mutu aikinsa ya yanke, sai in ya bar ilimi, ko ɗa mai yi masa addu'a, ko sadaka mai gudana. Malam sunan kawai ake kiransa da shi, marini ne, da shuni a farcensa aka binne shi. 'Ya'ya kuwa, na karɓi na mutane ba adadi, namu ko ɗaya Allah bai bar mana ba. Rijiyar nan kaɗai ta rage masa. Duk gugan da aka ja, nakan ce a raina, ga naka nan Malam. To in kun rufe ta, da me zai ci gaba da samun lada a inda yake kwance?"

A makaranta an koya mana tazarar da ta kamata tsakanin shadda da rijiya, an koya mana awon magani, amma ba wanda ya koya mana amsar wannan. Na yi kuka kawai, ita ma ta yi. Na ji son matar nan ya cika mini zuciya, na kuma ji kunyar yadda na karanto mata takarda ranar da na kai sakamako kamar ina karanta wa bango.

Daga gidanta ofis na wuce. Na gaya wa Alhaji Sabo komai, ban da maganar ciki, na roƙe shi a haƙa burtsatsen unguwar a ƙofar gidanta. Bai yi mini dariya ba. Ya ɗauki waya ya kira injiniyoyi a gabana. Suka ce motar haƙa ba za ta iya shiga lungun ba, kuma ko ta shiga, wurin ya yi kusa da shaddodin nan dai. Filin gefen masallaci aka zaɓa, can za a yi. Ya ajiye wayar ya ce, "Na gwada, Uwani. Ki je ki gaya mata gaskiya, kada ki yi mata alkawarin da ba namu ba."

Da safiyar Juma'a na je ina ta tunanin ta inda zan fara. Ina shiga na tarar da magini yana kwaɓa siminti. Iya da kanta ta aika aka kira shi. Ta ce mini, "Na kwana ina tunani. Sadakar da ke kwantar da 'ya'yan mutane a asibiti, Malam ba zai so ta ba. Kuma ba ɗan sandan da zai taka mini tsakar gida." Ta ja guga na ƙarshe da hannunta, ta zuba a gindin lallen da ke jikin katanga, ta naɗe igiyar ta kai ɗaki. Da za a ɗora murfin ita ta yi bismilla. Ranar Asabar kotu ta zagayo ba ta sami abin yi a lungun ba. Cutar ma daga baya ta lafa.

A ofis an rubuta cewa aiki ya kammala. Amma da na koma bayan an fara shan ruwan burtsatse, na tarar da ƙofar gidan a rufe da rana tsaka. Na tura na shiga. Tsakar gidan da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya, yanzu sai kaji. Iya tana zaune a kan simintin rijiyar, ta rame, ko goron ma ba ta ci. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Na fita na nufi bakin burtsatse, inda matan suke layi, na sauke musu kwandon faɗa. Na ce, "Haba jama'a! Tun kuna cikin tsumma kuke shan ruwan gidan nan, yanzu ko leƙe? Haka ake yi?"

Sai Larai mai koko, wata doguwa mai baki, ta ce, "Duba-gari, ba mantawa muka yi ba, kunya muke ji. Kullum da dalili muke shiga, da bokiti a hannu. Yanzu mu shiga mu ce mun zo yin me? Mu zauna muna kallon siminti tare da ita?" Ta dubi bokitinta da ya cika yana zuba. Ta ce, "Af! To ai shi ke nan. A da, da bokiti wofi muke shiga, yanzu sai mu shiga da shi cike."

Haka aka yi. Aka samo manyan randuna biyu aka girke a soron Iya, inda mai wucewa zai iya miƙa hannu. Duk macen da ta je burtsatse, kafin ta kai na gidanta sai ta fara juye bokiti ɗaya a nan, ta ce, "Iya, ga na Malam." 'Yan dako da marina da masu talla suka gano wurin, in rana ta take sai su ratse su sha. Iya ba ta yarda haka kawai ba, sai da ta aika aka tambayo liman ko ladan zai kai. Ya aiko mata cewa ruwan da aka shayar da sunan mamaci yana isa gare shi, da yardar Allah. A ranar ta sake buɗe ƙofarta.

Ni kuma aikina bai bar ni ba. Na ce sai an yi wa randunan murfi, a sa moɗa mai dogon hannu ta ɗiba, kofin sha daban, a riƙa wankewa kowace safiya. Ban san na jawo wa mutane ba. Iya ta fi ni tsanani nesa ba kusa ba. Tana zaune a soro, da ka kai hannu za ka ji, "Kai, da wace moɗar? Hannun nan naka ka wanke shi?" Har mai unguwa sai da ta kora ya je ya wanko hannu. Mutanen lungu suka koma kiranta babbar duba-gari.

Bayan na haihu na yi arba'in, na goya 'yata na kai mata. Ta karɓe ta ta jujjuya, ta duba cibiya, ta ce ungozomar asibiti ba ta yi laifi ba. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da moɗar nan ta ƙarfe, gefenta a lotse tun ranar da ta daki bakin rijiya. Ta wanke ta, ta cika daga randa, ta miƙo mini.

"To, yau kuma wane uzuri gare ki?"

Na shanye tas, na ce a ƙaro.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kada wata ta fita ta ce Hajiya Uwani ta ce a riƙa shan ruwan da ya faɗi gwaji don a burge mai gida. Wauta ce, Allah ne ya rufa mini asiri da hannun tsohuwa. Dokar kuma daidai take, rijiyar nan dole a rufe ta, ko yau aka sake ba ni aikin sai na rufe. Amma takardar da ake ba ku tana faɗin abin da za a rufe ne kawai, ba ta faɗin abin da yake a wurin mai shi. Wannan sai kun zauna a tabarma kun tambaya. Mutanen nan namu ba ƙin lafiya suke yi ba. Sau da yawa akwai abin da suke tsoron rasawa wanda ba za su faɗa a tsaye ba, kuma in kun bar su, su da kansu za su nemo mafitar da ba ta zo wa kwamiti a rai ba.

Iya ta rasu shekarun baya, da ruwan randunan nan aka yi mata wanka. Wani ɗan ƙaninta ne a gidan yanzu, amma bai taɓa soron ba. Kwanaki na bi ta lungun, na tarar da Larai, ita ma ta fara furfura, tana juye ruwa. Ta juye bokiti ɗaya, ta koma ta ɗauko wani. Na ce, "Larai, ai na san ɗaya ake zubawa."

Ta ce, "Da ke nan, duba-gari. Wancan na Malam ne. Wannan na Iya."